Kumburin ciki da ƙwarnafi: Shin yoga ta Indiyawa za ta yi wa ɗan Arewa mazaunin Kudu amfani?

Duk wanda ya kwana biyu a Agege, ko Mile 12, ko Alaba Rago, ko Sabon Ibadan, ko kasuwar shanu ta Lokpanta, ya san ƙorafin da ba ya ƙarewa a bakin mutanenmu. Wannan ya ce cikinsa ya kumbura kamar ganga, wancan ya ce ƙirjinsa na zafi ga gyatsa mai tsami, wani ya ce yau kwana uku bai zaga ba. Abin da aka saba yi kuma sananne ne: a jiƙa kanwa, ko a shiga kemis a karɓo Gestid ko Andrews, ko a tare mai agbo a kurɓi kofi ɗaya. A samu sauƙi yau, jibi abu ya dawo, kuɗi kuma suna ta tafiya.

A 'yan shekarun nan bidiyoyin yoga sun cika wayoyi, a Facebook da TikTok da YouTube, ana cewa wai akwai lanƙwasar da in ka yi ta, iskar ciki za ta fita, abinci ya narke. Matasanmu na kallo, wasu na dariya, wasu na cewa ai bautar Hindu ce. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in warware maganar: mece ce yoga, me take iya yi wa ciki, me ba ta iya yi, kuma ina ne Musulmi ya kamata ya ja birki.

Daga ina yoga ta fito?

Yoga 'yar ƙasar Indiya ce. Kalmar ta fito daga Sanskirit, tsohon harshen littattafan Indiyawa, kuma asalin ma'anarta haɗa abu biyu, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa da karkiya ɗaya. A farkonta ba motsa jiki ba ce, hanya ce ta zaman natsuwa da horon zuciya a cikin addinan ƙasar. Daga baya ne ɓangaren jiki ya bunƙasa. Wani littafi mai suna Hatha Yoga Pradipika, wanda aka rubuta a wajen ƙarni na 15, ya yi bayanin salon zama da lanƙwasa guda 15, kuma tun a can ya danganta wasu daga cikinsu da ƙarfafa narkewar abinci. Masu maganin gargajiyar Indiya suna kwatanta narkewar abinci da wuta, suna ce mata agni. In wutar ta yi sanyi, a cewarsu, sai abinci ya kwanta a ciki.

Yawancin abin da muke gani a bidiyo yanzu kuwa bai kai wannan tsufa ba. A shekarun 1930 wani malami mai suna Krishnamacharya ya koyar da yoga a fadar sarkin Mysore, a kudancin Indiya, almajiransa irin su Iyengar suka yaɗa ta zuwa Turai da Amurka, har ta zama atisayen da ake yi a ɗakin motsa jiki. A ranar 11 ga Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yunin kowace shekara a matsayin ranar yoga ta duniya, bayan Firaministan Indiya Narendra Modi ya gabatar da shawarar. An fara bikin a 2015.

Maganar addini

Wannan ce tambayar farko da kowa ke yi, kuma ba tambayar raini ba ce. Gaskiya ne akwai abubuwan bauta a cikin yoga ta asali. Akwai kalmomin da ake maimaitawa kamar wuridi, akwai kuma jerin motsin da ake kira surya namaskar, ma'anarsa gaida rana. Ƙasashen Musulmi sun tattauna batun. A watan Nuwamba 2008 majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yin yoga saboda abubuwan Hindu da ke cikinta. A watan Janairu 2009 majalisar malaman Indunusiya ta haramta wadda ke ɗauke da wuridi da ibadar Hindu, ta bar wadda ake yi don motsa jiki kawai. Saudiyya kuma ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017.

Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa ba. Abin da zan kawo a ƙasa lanƙwasa ce da numfashi zalla: babu wuridi, babu gaida rana, babu haɗa tafin hannu a rusuna wa wani abu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi limamin unguwarsu. In sunan ne ke damunka, kira shi miƙa, domin galibin motsin nan ba baƙo ba ne a wajenmu.

Me ke kawo mana wannan damuwar ciki?

Abinci idan ya sauka tumbi, yakan ɗauki kamar awa 2 zuwa 4 kafin ya wuce. Daga nan ya shiga ƙaramin hanji mai tsawon kusan mita 6, inda jiki ke tsotse amfaninsa, sannan ya faɗa babban hanji mai kamar mita 1 da rabi. Tafiyar gaba ɗaya, daga baki zuwa bayi, takan ci kwana 1 zuwa 3. Hanji ba bututu ba ne kawai, nama ne mai matsawa yana saki, yana tura abinci gaba sannu a hankali.

Yanzu dubi irin rayuwar da neman halak ya ɗora mana a nan Kudu. Ɗan canji a zaune yake tun safe. Direban tirela na iya shafe kwanaki a layin Apapa, a kan kujera ɗaya. Ɗan acaba da mai Keke a lanƙwashe suke, ciki a matse. Mai gadi dare ne ranarsa. Da yawa ba su ajiye iyali a nan ba, don haka babu tuwon magariba. Sai ƙarfe 11 na dare a je wajen mai shayi, a sa a soya indomi biyu da ƙwai uku, a haɗa da burodin Agege da shayi mai kauri, a ci da sauri, a bi lafiyar tabarma.

Abubuwa huɗu ne suka haɗu a nan. Na ɗaya, zama wuri ɗaya yana rage motsin hanji. Na biyu, eba da fufu da farin burodi da indomi ba su da dusa, ba kamar tuwon dawa da miyar kuka da kwaɗon zogale da muka taso da su ba, shi ya sa bayan gida ke tauri. Na uku, cin abinci da sauri, da lemon kwalba, da taunar cingam suna cusa iska a ciki. Na huɗu, kwanciya da cikakken ciki. A inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai wani zoben nama da ke aiki kamar murfi. In ka cika tumbi da maiƙo ka kwanta, murfin na iya saki, ruwan tsamin tumbi ya hauro sama. Wannan shi ne zafin ƙirji da gyatsa mai tsami da muke ce wa ƙwarnafi.

Sai kuma damuwa. Akwai wata doguwar jijiya da likitoci ke kira bagos, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka har tumbi da hanji. Idan hankali a kwance yake, jiki kan mayar da ƙarfinsa wajen narka abinci. Idan mutum na cikin fargaba, ga kuɗin haya, ga 'yan kama babura, ga waya daga gida ana neman na cefane, sai jiki ya shiga shirin faɗa ko gudu, aikin ciki ya rikice. Shi ya sa wani in ransa ya ɓaci, cikinsa ne ke fara faɗa masa.

To ina yoga ta shigo?

Ta hanya uku. Tana motsa jiki, tana matsa ciki tana saki, sannan numfashin da ake yi a hankali yana kwantar da jijiyoyi. Kuma akwai binciken da ya taɓa kowanne.

Likitoci a birnin Basalona na ƙasar Sifaniya sun yi gwaje-gwaje a farkon shekarun 2000, inda suka riƙa sa wa mutane iska a hanji suna auna yadda take fita. Sun gano cewa iskar ta fi saurin wucewa in mutum a tsaye yake fiye da in yana kwance rigingine, kuma ɗan motsa jiki mara wahala yana ƙara mata sauri. A 2012 wasu likitoci a ƙasar Ostiriya sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 19 masu fama da haurowar ruwan tsami. Waɗanda aka koya wa numfashi da ciki suka yi mako 4 suna yi, an auna an ga tsamin da ke hauro musu ya ragu. Dalili shi ne, faffaɗan naman da ya raba ƙirji da ciki, wanda muke numfashi da shi, yana taya murfin tumbi rufewa, kuma shi ma yana ƙarfi in ana horar da shi. A 2016 kuma masu bincike a Jamus sun tattara gwaje-gwaje 6 da aka yi da mutum 273 masu ciwon rikicewar hanji, wato masu yawan murɗa da kumburi da gudawa ko taurin bayan gida alhali an duba ba a ga rauni ba. Sun ga yoga ta rage musu damuwar ciki da fargaba, amma su da kansu sun ce gwaje-gwajen ƙanana ne, ba su isa a yanke hukunci na ƙarshe ba.

Abin da na fahimta daga wannan shi ne: yoga taimako ce ga kumburi, da iska, da taurin bayan gida, da ƙwarnafi mara tsanani. Duk wanda ya ce maka tana wanke hanji ko tana fitar da dattin ciki, talla yake yi. Hanta da ƙoda ne ke wannan aiki.

Motsi shida da za ka iya yi a kan tabarma

Ba ka buƙatar sayen komai. Tabarma ko darduma ta wadatar, da wando mai sakin ƙugu. Ƙa'ida ta farko: ban da na farko da na biyu, kada ka yi sauran sai bayan awa 2 zuwa 3 da cin abinci. Mafi kyawun lokaci shi ne da safe bayan asuba, kafin karin kumallo.

1. Zaman durƙuso. Indiyawa na ce masa wajrasana. Ka durƙusa, ka zauna a kan dugaduganka, baya a miƙe, hannuwa a kan cinya. Ya yi kama da zaman tahiya. Shi ne zaman da masu koyar da yoga suka yarda a yi bayan cin abinci, domin ƙirji na sama, tumbi na ƙasa, kuma ciki ba ya matsuwa kamar yadda yake matsuwa in ka nutse a kujera. Minti 3 zuwa 5 ya isa. In gwiwa ta dame ka, sa matashi tsakanin cinya da ƙafa, ko ka zauna a benci ka miƙe bayanka.

2. Numfashi da ciki. A cikin wannan zaman, ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a cibiya. Ja iska ta hanci kana ƙirga 4, ka bar cikin ya taso, ƙirjin ya tsaya. Saki a hankali kana ƙirga 6. Yi minti 5. Wannan direba ma na iya yinsa a cikin gosulo, ɗan canji na iya yinsa a kan bencinsa ba wanda ya sani.

3. Rungumar gwiwa. Sunansa pawanmuktasana, kuma fassararsa a zahiri ita ce mai sakin iska, don haka kada ka yi shi a cikin jama'a. Kwanta rigingine, jawo gwiwar dama zuwa ƙirji ka riƙe da hannu biyu, ka yi numfashi 5. Saki, ka yi da ta hagu, sannan ka haɗa biyun. Ana farawa da dama ne saboda babban hanji ta dama yake hawa, ya gitta saman cibiya, ya sauka ta hagu.

4. Murɗa ƙugu a kwance. Kana rigingine, lanƙwasa gwiwoyi, ka buɗe hannuwa gefe da gefe. Kwantar da gwiwoyin biyu zuwa ɓangare ɗaya, kafaɗu na manne da ƙasa. Numfashi 5, sannan ka juya ɗaya ɓangaren. Masu ciwon baya na zama su ma sukan ji daɗin wannan.

5. Miƙar kyanwa. Ka yi rarrafe, hannuwa daidai kafaɗa, gwiwoyi daidai ƙugu. In ka ja iska, saki ciki ƙasa ka ɗaga kai. In ka fitar, ƙudundune baya sama ka ja cibiya ciki, kamar kyanwar da ta tashi daga barci. Sau 10.

6. Tsugunno. Su suna ce masa malasana, mu kuwa da shi muka tashi. Tsuguna, ƙafafu a buɗe, dugadugai a ƙasa in zai yiwu, na minti 1. Tsugunno yana miƙar da ƙarshen hanji, shi ya sa bayan gida ya fi sauƙin fita a masai na tsugunno. In masan zama gare ka a gidan haya, ɗora ƙafafunka a kan 'yar kujerar tsakar gida, gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo.

Duka shidan ba za su wuce minti 15 ba. Kada ka tilasta wa jiki, in ka ji zafi mai suka ka tsaya. Ka ba abin mako 3 zuwa 4 kana yi kullum kafin ka yanke masa hukunci. Bayan cin abinci kuma, ɗan tattaki na minti 10 zuwa 15, ko da daga shago zuwa masallaci ne ka dawo, yana yin aikin da wata lanƙwasar ba ta yi ba.

Waɗanda za su yi hattara

Mai ƙaba ko gwaiwa ya bar rungumar gwiwa da duk abin da ke matse ciki. Haka wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, har da uwargidan da aka yi wa aiki wajen haihuwa, sai likita ya ba da izini. Mai juna biyu ta tsaya a kan numfashi da tattaki, ta nemi shawara a wajen awo. Mai ƙwarnafi da mai hawan jini su guji duk salon da ake kifa kai ƙasa ƙafa sama, irin wanda ake burgewa da shi a bidiyo. Ga mai ƙwarnafi, wannan zubo wa kai ruwan tsami ne da gangan.

Inda yoga ba ta da ta cewa

Nan ne na fi so a saurare ni, domin nan ne ake asarar rai. Yawancin gyambon ciki, wato olsa, ba yunwa ke kawo shi ba, ba kuma barkono ba. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta failori, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a farkon shekarun 1980, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ƙwayar ta yawaita a Najeriya. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14 da likita zai rubuta. Babu lanƙwasar da ke kashe ta, babu kanwar da ke kashe ta.

Sababi na biyu shi ne magungunan ciwon jiki: aspirin, da ibuprofen, da diclofenac, da piroxicam. Mutanenmu masu aikin ƙarfi, 'yan dako da mahauta da masu tura baro, suna shan su kamar gyaɗa, sau da yawa ba tare da sun ci komai ba. Garin Alabukun da ake sha a ƙasar Yarbawa shi ma aspirin ne a cikinsa. Haɗin ƙwayoyin da masu talla ke ƙullawa a leda kuwa, sau da yawa akwai irin waɗannan biyu ko uku a ciki. Suna cinye fatar tumbi a hankali har ta yi rauni.

Saboda haka, in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, nufi asibiti, ba tabarma ba: bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, aman jini ko amai mai kama da garin kofi, ramewa ba dalili, abinci na tsaya maka a maƙoshi, amai da ya ƙi tsayawa, ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko ƙwarnafin da ya haura mako 3 duk da magani. Dattijon da ya haura shekara 50 kuma abin ya fara masa sabo, shi ma ya je a duba. Sannan akwai zafin ƙirjin da ba na ciki ba ne. In ya zo da nauyi kamar an ɗora maka dutse, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi ga haki, wannan zuciya ce, kuma minti ɗaya ma yana da daraja. An sha ganin mai irin wannan yana neman kanwa.

Abin da zai sa atisayen ya yi aiki

In ka yi motsi shida da safe, ka koma indomi uku da tsakar dare, aikin baban giwa ka yi. Ka yi ƙoƙari ka gama cin abincin dare awa 3 kafin kwanciya. Ka tauna sosai. Karantarwar nan da muka sani tun muna makarantar allo, ta kasa ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, ita ce dai likitocin ciki ke maimaitawa yau. Ka rage goro, da shayi mai kauri, da taba, da lemon kwalba in ka lura suna tayar maka da abin. Kudu kuma ba ta rasa abin gyara ciki ba: ewedu ai lalo ce, ga ganyen ugu, ga kuɓewa, ga wake, ga gwanda da lemo da abarba. Ka sha ruwa isasshe, domin zafin Legas da Fatakwal na tsotse ruwan jiki ta gumi ba ka sani ba.

Mai ƙwarnafin dare ya ɗaga kan gadonsa da kamar santimita 15 zuwa 20, ko da bulo ne ya sa a ƙarƙashin ƙafafun gadon na wajen kai. Tara matasai ba ya yi, lanƙwasa ciki yake ƙara yi. Ka fara kwanciya ta dama kamar yadda muka saba, amma in zafin ya taso, juya hagu, domin a haka tumbi ke komawa ƙasa da bakin bututun abinci, tsamin ya rage haurowa.

Da azumi ma haka. A buɗe baki da dabino da ruwa da ɗan kunu, a yi magariba, sannan a ci da sauƙi, don ruku'u da sujadar asham kada su tarar da ciki a cike. Bayan sahur kuma a zauna zaman durƙuso ana numfashi da ciki har a kira salla, maimakon a koma shimfiɗa nan take.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa albarka a neman da ya kawo mu.